Faifai Goma Sha Ɗaya na Modibbo

Ranar da Rabi'atu ta zo Dutse daga Buji, ko ruwan da aka kawo mata ba ta sha ba. Ta zauna a bencin ƙofar shagon ƙanenta Abdulbaƙi, inda yake gyaran kwamfuta da buga wa mutane takardu, ta jira har mai takardar ƙarshe ya fita, sannan ta ce, "Shekaranjiya da magariba Baba ya tsaya a tsakiyar Fatiha. Sai da na bayansa suka ɗora shi."

Abdulbaƙi ya ajiye sukudireban da ke hannunsa. "Adda, ba gajiya ba ce kuwa?"

"Karo na uku ke nan. Yanzu ya bar wa Malam Jaji limanci. Ni ba wannan ya kawo ni ba. Kullum ya idar da sallar asuba sai ya tambaye ni littafinsa. Ina littafinsa, Abdulbaƙi?"

Amsar tana nan a ƙarƙashin teburin da ya dafa, cikin wani gwangwanin biskit da ya fara tsatsa.

Mahaifinsu, Modibbo Hussaini, ya tashi ne a bayan shanu kafin ya zauna ya yi karatu, kuma bai yar da ko ɗaya daga cikin biyun ba. Daga Aujara har Ringim, idan saniya ta kwanta aka rasa gane kanta, shi ake aikawa a ɗauko a bayan keke. Da shekaru suka fara ja, sai ya zauna ya rubuta abin da ya sani da ajami, wani da Fulatanci wani da Hausa: cutuka da alamunsu, itatuwan da ake sassaƙa, burtalolin da gonaki suka cinye, rijiyoyin da aka daina sha. Shekara uku yana rubutawa. A lokacin an yi sabuwar jiha, wani mai ɗab'i, Malam Sale, ya dawo Dutse daga Kano da wata kwamfuta da ya sayo a Jidda, ana ce mata Makintosh, wadda ke rubuta haruffan Larabci da wasullansu tsaf. Shi ya buga littafin a cikinta. Sai dai Modibbo bai taɓa yarda an gama ba, kullum akwai gyaran da zai ƙara. Ana cikin haka Malam Sale ya kwanta ciwo. Kafin ya rasu ya kwafe aikin a faifan fulofi goma sha ɗaya, ya kira Abdulbaƙi ya damƙa masa, ya ce, "Kai ne ɗan boko, kai za ka ƙarasa wa mahaifinka."

Shekara takwas ke nan. A tsakani, wata damina ɗakin karatun Modibbo ya rufta, takardun asali da kwafin gyara suka zama taɓo. Da aka gaya wa Abdulbaƙi ya ce ba komai, ai akwai fulofi. Sau ɗaya tak ya taɓa gwada su. Ya zura na huɗu a cikin kwamfutar shagonsa, ta ce ba ta san wannan faifai ba, ko a shirya shi sabo? Yana magana da wani mai neman a buga masa takardar kotu, ya danna e bai duba ba. Sai bayan an gama ya gane ya shafe shi ƙarƙaf. Tun daga ranar ya rufe gwangwanin ya tura shi ƙarƙashin tebur, bai gaya wa kowa ba. Aiki kuma ya yi masa yawa, don tun da aka ƙaddamar da shari'a takardun kotuna da na makarantun Islamiyya suke ta kwarara shagonsa, ya samu abin fakewa.

"Ba ni wata ɗaya," ya ce wa yayarsa.

Ta gyara mayafi, ta tafi tasha.

Washegari ya shiga motar Kano. Yana da aboki, Sani, wanda suka yi makaranta tare, yanzu yana tace finafinai a wani ɗaki mai sanyi a Titin Gidan Zu. Sani ya juya faifai ɗaya a hannunsa ya yi dariya, da ya ga fuskar abokinsa sai ya daina. Ya ce wannan faifai Makintosh kaɗai ke karanta shi, kuma a duk layin mutum ɗaya ke da ita. Suka je wurin mutumin, ya saurare su a tsaye, ya ce ba zai bari a haɗa wa injinsa wani tsohon abu ba, aikin mutane ne a ciki.

A hanyar dawowa Sani ya ce, "Akwai wata dabara, amma ni ban taɓa yi ba. Kamfanin da ke ƙera Makintosh ya koma amfani da irin ƙwaƙwalwar da ke cikin kwamfutocinmu. To wasu a ƙasashen waje sun gano yadda za ka harhaɗa taka da hannunka, ka ɗora mata manhajar Makintosh, ta ɗauka a gidansu take. Wani ya zo min da faifan manhajar daga Legas, yana nan ban ma buɗe ba."

Abdulbaƙi ya karɓi faifan da hannu biyu. A mota yana ta taɓa aljihunsa, yana jin wani sanyi a ransa da ya daɗe bai ji ba. Harhaɗa inji ai sana'arsa ce.

Ya fara da abin da ke gare shi. Ya farke kwamfuta mafi kyau a shagon, wadda ake buga takardu da ita, ya zura faifan. Allo ya yi fari-fari, hoton tuffa, alamar Makintosh, ya fito a tsakiya, wata 'yar da'ira tana juyawa a ƙarƙashinsa. Bayan minti biyu wani duhu ya sauko daga saman allon kamar labule, da rubutu cikin harsuna huɗu, duk suna cewa ya kashe injin ya sake kunnawa. Ya kashe ya kunna. Labulen ya sake saukowa. Ranar sau goma sha tara ya gani.

Daga nan ya koma zaman shagon intanet da ke kusa da sakatariya, inda shafi ɗaya kan ɗauki tsawon shan shayi kafin ya buɗe. Ya riƙa bugo hirarrakin mutanen da bai san ƙasashensu ba, masu Turanci a karkace, kowa yana faɗin irin allon da ya yi masa aiki da wanda ya ƙi. Ya gane babban allon cikin injinsa, wanda ake dasa komai a kansa, ba ya cikin waɗanda manhajar ke yarda da su. Ya koma Kano, ya bi shagunan Titin Beirut ɗaya bayan ɗaya da takarda a hannu, yana karanta lambobi. Ya samo wani, ya dawo, ya dasa. Wannan karon labulen bai sauko ba, sai dai injin ya tsaya yana maimaita layi guda, wai yana jiran ma'ajiyarsa ta bayanai, alhali ga ta nan a ɗaure a cikinsa. Sati biyu ya yi kafin ya gano wayar ma'ajiyar ce za a mayar wata kafa. Da wannan ya wuce, sai allon haruffan da ake buga rubutu da shi ya ƙi motsi.

Bazara ta yi tsanani. Wuta takan zo da hantsi ta ɗauke kafin azahar, janaretansa kuma in ya yi awa biyu sai ya fara tari. Ya cire murfin injin gaba ɗaya, ya kafa masa fankar tebur. Masu kawo takardu suka fara gajiya da jin a dawo gobe, suka koma shagon da ke tsallaken titi. Bai ma lura sosai ba. Wata ɗayan da ya roƙa ya wuce, na biyu ya bi bayansa.

Wata Juma'a ya je Buji. Ya tarar da Modibbo a zaure kan buzunsa, ya rame, amma idonsa tar. Ya durƙusa ya gaishe shi, tsohon ya amsa da sunansa, har ya tambayi iyali. Sannan ya ce, "Sale ya gama?"

Abdulbaƙi ya ɗaga kai ya dubi yayarsa da ke tsaye a bakin ƙofa. Ta girgiza masa kai a hankali.

"Ya kusa, Baba."

"Ka ce masa babin ciwon sammore akwai kuskure. Na ce saiwa, sassaƙe ne. Kuma ba a ba saniya mai ciki." Daga nan ya ɗauko bayani tiryan-tiryan, da sunan itacen da Fulatanci da Hausa, da inda yake fitowa, da shekarar da ya fara gwada shi a garken kawunsa. Ya yi kusan rabin awa bai yi tuntuɓe ba. Abdulbaƙi yana ta gyaɗa kai, amma rabin hankalinsa yana Dutse, yana tunanin ko allon bugawa mai sabon irin bakin waya zai yi.

Da ya fito, Rabi'atu ta biyo shi har gindin dalbejiyar ƙofar gida. "Ka ji shi yau? Da safe haka yake, kwana biyu a sati, wani lokaci uku. Ka kawo rikoda da kaset ka zauna da shi. Ka bar injin nan."

"Adda, littafin gaba ɗaya yana nan a rubuce, da gyaransa da komai. Abin da zai faɗa a kaset ko kashi ɗaya cikin goma ba zai kai ba. Saura ƙiris, wallahi. Sati biyu."

"Haka ka ce wancan karon."

"Wannan karon na ga hanya."

Ta ce, "Allah ya sa," ta koma ciki. Ya san gaskiya ta faɗa, ya kuma san abin da ya hana shi bin maganarta. In ya zauna gaban mahaifinsa da rikoda, dole ya faɗi dalili, dole maganar shekara takwas ta fito, da ta faifai na huɗu. In kuwa injin ya tashi, zai shigo gidan da littafi a hannu, ba wanda zai tambayi komai.

Sati biyun suka zama bakwai. Ruwa ya sauka, duwatsun Dutse suka yi kore a gindinsu. Wata Asabar da hantsi, bayan an ɗauke ruwa, ya sake ɗora manhajar daga farko, karo na nawa shi ma bai sani ba. Tuffa ta fito, da'irar ta juya, ta juya, sai allon ya washe, kalmar maraba ta riƙa shawagi cikin harsuna iri-iri. Babu sauti, don wannan ɓangaren bai taɓa yi ba, amma kibiya tana bin hannunsa. Abdulbaƙi ya zauna a ƙasa dirshan ya yi hamdala. Injin da ya harhaɗa da hannunsa, ba murfi, wayoyi a waje kamar kayan cikin akuya, ga shi ya zama Makintosh.

Ya jawo gwangwanin, ya haɗa ɗan akwatin karanta fulofi da ya sayo tun watan farko. Na ɗaya ya yi ƙara ya yi ƙara, ya buɗe. Sunaye suka jeru da haruffan Larabci, ya karanta na farko da ƙarfi shi kaɗai a shago: gabatarwa. Na biyu ya buɗe, na uku ma. Na huɗu ya ajiye gefe bai zura ba. Uku daga cikin sauran sun yi fumfuna, injin ya yi ta gurnani a kansu ya tofo su. Bakwai suka rage. Ya ce a ransa bakwai ma arziki ne.

Ya danna kan gabatarwa. Injin ya ce ba shi da manhajar da za ta buɗe wannan. Ya danna na gaba, amsar ɗaya. Ya tilasta masa buɗewa da manhajar rubutu ta cikinsa, sai shafi ya cika da tarkace, akwatuna da alamun tambaya da haruffan Turawa masu ɗigo a ka, layi bayan layi, ba kalma ɗaya da ɗan Adam zai karanta. Ya gwada duka arba'in da ukun da ke cikin faifai bakwai ɗin. Har aka kira azahar yana dannawa.

Ya buga wa Sani waya. Sani ya ce a ba shi kwana biyu ya tambaya. Da ya kira, muryarsa a sanyaye take. Ya ce rubutun an yi shi ne da wata tsohuwar manhajar ɗab'in Larabci, kuma ga alama Malam Sale ya ƙera wasu haruffan da kansa saboda sautukan Fulatanci. Sai an samu ita wannan manhajar da waɗannan haruffan. Ko an same su ma, ba sa tashi a kan sabon tsari irin wanda Abdulbaƙi ya ɗora, sai tsohon inji na wancan zamani.

"To duk wahalar nan fa?"

"Ban sani ba, Abdulbaƙi. Wallahi da na sani da na gaya maka tun ranar."

Ya je gidan marigayi Malam Sale. Matarsa, Hajiya Adama, ta karɓe shi da mutunci, ta ce injin ya daɗe a ɗakin ajiya, ɓeraye suka yi gida a ciki, shekara huɗu da suka wuce aka ba 'yan gwangwan. Ta sa aka fito masa da wani kwali ko zai ga abin amfani. Igiyoyin wuta ne a ciki, da wani ɗan linzamin kwamfuta mai maɓalli ɗaya. Ya yi godiya ya fito.

Ya koma shago ya kwafe sunayen babi arba'in da ukun da biro a littafin makaranta. Ciwon huhu. Boru. Harbin daji. Kirci da bambancinsa da ƙazuwa. Burtalin da ya bi ta yammacin Aujara. Da ya gama ya kashe injin, ya ari rikoda wurin maƙwabcinsa mai sayar da kaset ɗin wa'azi, ya sayi batir, ya kama hanyar Buji da sassafe.

Rabi'atu ta ga rikodar a hannunsa. Ta shimfiɗa masa tabarma a zaure. Modibbo yana zaune, an ɗaura masa rawani, amma ya karkace ba wanda ya gyara. Abdulbaƙi ya gaishe shi, tsohon ya amsa da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo, ya tambaye shi daga wane gari.

"Abdulbaƙi ne, Baba."

"Madalla, madalla. Ka zo lafiya?"

Ya danna rikoda, ya buɗe littafinsa. "Baba, ciwon huhu. Yaya ake gane shi?"

"Ciwon huhu," in ji Modibbo. Ya murza gefen buzu. "Mugun abu ne." Can ya ce a ba baƙo fura.

Abdulbaƙi ya karanta na biyu, ya karanta na uku. A na bakwai tsohon ya fara wata magana da Fulatanci a kan wani bijimi da ya ɓace, bai kai ƙarshenta ba ya koma kallon ƙofa. Rabi'atu ta ce a hankali, daga inda take tsaye, rabon da ya yi safiya mai kyau tun kafin a yi shuka.

Kwana uku ya yi a gidan, kaset biyu ya cika, yawancinsu kukan kaji ne da muryarsa shi kansa yana karanta sunaye. A rana ta uku da hantsi Malam Jaji, maƙwabcinsu da ya karɓi limanci, ya yi sallama a gaggauce. Saniyarsa ta haihu shekaranjiya, tun jiya ta kwanta ta ƙi tashi, an ɗaga ta an ɗaga ta ta koma. Malamin dabbobi yana Dutse, an ce sai jibi. Ya ce ya san halin da ake ciki, amma ko Modibbo zai daure ya gan ta, ko Allah zai sa a dace.

Suka riƙe shi su biyu har bayan gidan Jaji. Saniyar fara ce, tana kwance ta lanƙwasa wuya ta ɗora kai a haƙarƙarinta, ɗan maraƙin yana zagaya ta. Da Modibbo ya gan ta sai ya zame hannunsa daga nasu. Ya durƙusa, ya kama kunnenta ya ji sanyinsa, ya bi gadon bayanta da tafin hannu, ya buɗe fatar idonta, ya danna hantsarta. Hannuwansa ba su yi kuskure ko ɗaya ba. Mutane suka taru suka kewaye shi.

"Wannan ai mai sauƙi ce," ya ce. "Maza a je a samo min..."

Ya tsaya, hannunsa a miƙe. Jaji ya matso. "A samo me, Modibbo?"

Tsohon ya dubi hannunsa, ya dubi saniyar, ya dubi fuskokin da suka kewaye shi. Leɓensa yana motsi. Aka fara jefo masa sunaye, wani ya ce maɗaci, wani ya ce marke, wani kanwa, yana girgiza kai, har idonsa ya kawo ruwa. Daga baya ya sauke hannun ya tambayi ko saniyar wace ce.

Jaji ya juyo wurin Abdulbaƙi. "An ce ka buɗe littafin a injinka. Babu wannan a ciki?"

Akwai. Na ashirin da shida ne a jerinsa, saniyar da ta kwanta bayan haihuwa ta ƙi tashi. Ya buɗe shafin ya nuna wa Jaji layin, ya ce, "Sunan babin kawai na samu, Malam."

Jaji ya karanta, ya mayar masa da littafin, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Rabi'atu ta kama hannun mahaifinsu ta tafi da shi gida, yana tafe yana waiwaye.

Aka yi ta ɗura wa saniyar abin da kowa ya sani har azahar. Bayan la'asar numfashinta ya fara sama-sama, Jaji ya ce a kawo wuƙa kada ta zama mushe. Maza ba su da yawa a gidan, duk suna gona, sai aka ce Abdulbaƙi ya taimaka ya danne ƙafafun baya. Ya ajiye littafin da rikodar a kan turmi, ya naɗe hannun riga, ya durƙusa cikin taɓo ya riƙe. Wata mata ta ja maraƙin zuwa bayan rumbu, yana ta kuka, Jaji ya yi bismilla.